Darasi na Bakwai: Kafireta da Zafin Inji a Tsohon Babur

Wannan darasi na masu babur ne, da masu koyon kanikanci, da duk wanda abincinsa ke kan taya biyu. Idan an kammala shi, ana son ɗalibi ya iya duban fulogi ya faɗi ko man da ke shiga inji ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ya iya saita silo da hannunsa, ya kuma san abin da zai fara dubawa idan babur ya ɗauki zafi, tun kafin a kai ga kwance inji.

Inda maganar ta samo asali

Tun da madatsar Kainji ta tare kogin Kwara a 1968, ruwa ya malale, mutanen gungaye da na gaɓa suka koma sababbin matsugunai, akwai tungaye da dama a Ngaski da Shanga da ba a kai musu sai a jirgin ruwa ko a kan babur. Babur ne ke fito da albasa daga fadama, shi ke kai kwandunan kifi kasuwar Yelwa da ta Wara, shi ke ɗauko mara lafiya da tsakar dare. Yawancinsu Boxer ne na kamfanin Bajaj, da Jincheng, da Haojue, da 'yan roba-roba, sai tsofaffin Suzuki da Honda CG125 da suka ƙi mutuwa. Abu biyu ya haɗa su: kafireta ke ba su mai, iska ke sanyaya su.

Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Daga lokacin ne wata magana ta yawaita a bakin gareji. Ɗan kabu-kabu zai tsaya, ko sauka bai yi ba, ya ce:

"Baba, don Allah a ɗan matse mini shi, shan mai yake yi."

Bakaniken da ya san aikinsa zai ce: "Ɗana, sauko tukuna mu ga fulogi." Wanda kuɗin yau kawai yake nema zai ɗauki sukudireba ya murɗa, ya sauke allura, ya karɓi ladansa. Mako biyu babur na tsimin mai, maigidansa na murna. A mako na uku, a kan hanyar Koko da tsakar rana, inji ya buga. Garin neman gira an rasa ido, domin kuɗin fistin da ringi da boran bulo ya ninka abin da aka tsimanta sau da yawa.

Abin da kafireta ke yi

Fetur ba ya cin wuta shi kaɗai, sai da iska. Kafireta ma'auni ce: tana gauraya su daidai gwargwado ta miƙa wa inji. A lissafin masana, kilo 1 na fetur na bukatar kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone ƙurmus. Wato lita ɗaya da ka saya a gidan mai sai ta haɗiye iska kusan lita 9,000. Shi ya sa 'yar toshewa ko 'yar ɓula a hanyar iska ke birkita komai.

A ƙasan kafireta akwai kofi, inda mai ke taruwa. Cikinsa akwai fulot, wata roba mai iyo da ke rufe ƙofar mai idan kofi ya cika. Idan fistin ya yi ƙasa ya zuƙo iska, iskar na ratsa maƙogwaron kafireta da gudu, sai ta tsotso mai daga kofi ta wasu 'yan ramukan tagulla da ake kira jet.

Ga abin da ya kamata kowane ɗalibi ya haddace, don shi ne mabuɗin bincike. Hanyoyin mai uku ne, kowace da lokacin aikinta. Daga silo zuwa ɗan taɓa totur, ƙaramin jet ne da sukurunsa ke aiki. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu na totur, inda mai babur ke yini, allura ce ke mulki. Daga nan zuwa ƙurewa, babban jet ne. Saboda haka idan mutum ya ce babur ɗinsa na shaƙewa, tambayar farko ita ce: a wane totur? Wanda babur ɗinsa ke yankewa a ƙurewar gudu, ya je yana murɗa sukurun silo, ɓata lokacinsa yake yi.

To me ya haɗa ƙarancin mai da zafi? Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga yadda gawayi ke yin fari idan an matsa masa zuga. Haka cikin inji yake idan iska ta rinjayi mai. Ban da wannan, fetur da kansa mai sanyayawa ne: sa'ad da yake zama tururi yana kwashe zafi daga kan fistin da bawul. Masu ƙera injin da iska ke sanyayawa da gangan suke barin 'yar rarar mai saboda wannan aiki. Rarar da ake matsewa ke nan. Fistin kuwa da alminiyam aka yi shi, wanda ke narkewa a digiri 660, yana kuma yin laushi tun kafin a kai can.

Karatun fulogi

Ba mu da hanyar leƙa cikin inji yana aiki, amma fulogi na ciki, kuma yana fitowa da shaida. A hau babur a yi tafiyar kamar minti goma sha biyar a irin gudun da aka saba. Ana cikin tafiya, a wuri mara cunkoso, a kama kuloci a kashe makulli, a gangara gefe. Kada a bar shi ya yi silo, don silo na shafe shaidar. A jira ya huce kafin a kwance, domin zaren ramin fulogi na alminiyam ne, da zafi yana saurin lalacewa.

Sai a dubi farar tangaran da ke tsakiyar bakin fulogi. Idan ruwan ƙasa ce, ma'auni daidai yake, a ƙyale kafireta. Idan baƙa ce busasshiya mai kunkunniya, mai ya yi yawa. Idan baƙa ce mai maiƙo, baƙin mai ne ke haurowa, ringi ko robar bawul sun gaji, kuma babu saitin da zai gyara wannan. Idan fara ce fat, ko tana da 'yan ɗige-ɗige masu ƙyalli, mai ya yi kaɗan, inji na cin kansa. Masu babur da yawa sukan yi murna da farin fulogi, su ce ai tsaf yake. Shi ne ya fi kowanne ban tsoro.

Kunne da hanci ma shaidu ne. Babur mai yawan mai yana warin ɗanyen fetur, salansa na fitar da baƙin hayaƙi, yana tashi da safe ba sai da cok ba, amma yana nauyi idan ya yi ɗumi. Mai ƙarancin mai yana wahalar tashi, yana yankewa idan an fizgi totur, yana tas-tas a salansa idan an saki, silonsa kuma ba ya saurin sauka. Gwaji mafi sauƙi shi ne na cok. Bayan inji ya yi ɗumi, a ja cok kaɗan ana tafiya. In babur ya ji daɗi ya ƙara ƙarfi, yunwar mai yake ji. In ya shaƙe, ba ƙarancin mai ke damunsa ba.

Kafin a taɓa sukuru

A ganina, rabin kafiretocin da ake kwancewa a garejinmu ba su da laifin komai. Sukuru ba ya murɗa kansa. Babur da jiya yake lafiya yau ya canza hali, wani abu ne ya toshe, ko ya ɓule, ko ya shiga inda bai kamata ba.

A fara da iyakilina, wato matatar iska. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na cika sosonsa cikin 'yan makonni, balle ga mai bin hanyar burji zuwa Giron Masa ko ƙauyukan bayan Birnin Yauri. Toshewarsa na hana iska, sai mai ya rinjaya, babur ya fara shan mai. A nan ne ake tafka kuskure: maimakon a wanke soso, sai a matse kafireta. Ranar da aka wanke soson kuwa, iska ta dawo, mai bai dawo ba, zafi ya tashi. Soso ana wanke shi da kananzir ko ruwan sabulu, ya bushe sarai, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a matse. Na takarda ba a wanke shi, kakkaɓewa ake yi ko a canza. Masu cire iyakilina gaba ɗaya wai don babur ya numfasa, ƙura suke ɗura wa fistin.

Na biyu shi ne wuyan da ya haɗa kafireta da inji. A tsohon babur robar wurin kan tsattsage, ko gasket ya mutu, iskar da ba a auna ba ta riƙa satar hanya. Wannan ne babban mai jawo zafi a ɓoye. Inji na silo, a kama kafireta a ɗan girgiza ta. In sauti ya canza, akwai ɓula. Wasu kanikawa kan yayyafa fetur a wurin su saurara. Kada ɗalibi ya kwaikwayi wannan a kan inji mai zafi, gobara ba ta da wuya.

Na uku, shin mai na isowa? A zare tiyo daga kafireta, a tara kwalba, a buɗe famfo. Ya kamata ya zubo sosai, ba ɗis-ɗis ba. Tsatsar tsohon tanki kan toshe rariyar famfo. Akwai kuma ɗan ramin numfashi a murfin tanki. Idan ya toshe, babur zai yi tafiya kaɗan ya mutu, a buɗe murfi a ji fuu, ya tashi garau.

Na huɗu, man kansa. A ƙauyukan da ba gidan mai, wurin 'yan bumburutu ake saye, a galan da kwalba, kuma da damina ruwa kan samu hanya. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka ƙasan kofi yake kwantawa, daidai bakin babban jet. A kwance sukurun ƙasan kofi, a tari abin da ya fito a farar kwalba. In da ruwa, za a gan shi kwance a ƙasa. Man da aka surka da kananzir kuwa ƙwanƙwasa yake sa inji, ya kuma ƙara masa zafi. Ko man gidan mai ba kullum yake da tabbas ba: a Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, ya lalata injina kafin a janye shi.

Sai an wuce waɗannan huɗu ake sauke kafireta a wanke. Jet na tagulla ne, raminsa a aune yake. Kada a zura masa allurar ɗinki ko wayar ƙarfe, don da zarar ramin ya buɗe ba ya komawa. A jiƙa shi, a kai wa mai faci ya hura masa iska, a ɗaga shi sama a ga haske ta ciki. In mai na tsiyaya ta tiyon ƙasa babur na tsaye, allurar fulot ce ta ci ko datti ya tokare ta.

Yadda ake saiti

Ba a saiti a kan inji mai sanyi. A yi tafiyar minti goma, a kafe babur a kan babban jak, a waje, ba cikin shago a rufe ba, domin hayaƙin salansa na kisa ba tare da wari ya gargaɗi mutum ba.

Sukuru biyu ne a jikin kafireta. Babban, mai sifirin, shi ke ɗaga silo ko ya sauke shi. Ƙaramin shi ne na ma'auni, kuma iri biyu ne, a nan mutane ke ruɗewa. In yana ɓangaren iyakilina, iska yake aunawa: ɗaure shi na ƙara mai. In yana ɓangaren inji, mai yake aunawa: ɗaure shi na rage mai. Wanda bai duba wannan ba zai iya yin akasin abin da ya yi niyya.

A ɗaure ƙaramin a hankali har ya taɓa ƙasa, ana ƙirga juyi don a san inda yake a da. Ban da ƙarfi, bakinsa siriri ne. A warware shi juyi ɗaya da rabi. A tada inji, a ɗan ɗaga silo da babban sukuru. Sai a riƙa juya ƙaramin kwata-kwata, ana dakatawa ana saurare, har a sami inda inji ya fi sauri da santsi. Daga nan a karkata kaɗan zuwa ɓangaren ƙarin mai, sannan a sauke silo da babban sukuru zuwa inda inji ke bugawa a natse, wajen juyi 1,400 a minti ga irin waɗannan babura. A fizgi totur: ya amsa nan take, ya dawo nan take. In sai an warware sukuru fiye da juyi uku, ko kuma juya shi ba ya canza komai, ƙaramin jet bai wanku ba, ko akwai ɓular da ba a gano ba.

Allura tana da 'yan tsagogi a samanta, galibi biyar, da ɗan maƙalli. Mayar da maƙalli tsagin ƙasa na ɗaga allura, mai ya ƙaru. Mayar da shi sama na sauke ta, mai ya ragu. Na tsakiya ne mazaunin da aka fi barinsa daga kamfani. Duk tsohon babur da ka saya a hannu, ka buɗe ka duba, don sau da yawa za ka tarar wani ya riga ya kai maƙallin can sama. Tsagi ɗaya ake matsawa, a gwada, a karanta fulogi. Ba a canza abu biyu a lokaci guda, in ba haka ba ba za a san wanne ya yi aiki ba.

Wuri ma na da tasiri. Yauri ƙasa-ƙasa take, tsayinta daga teku bai kai mita 200 ba a bakin tafkin Kainji, Jos kuwa na wajen mita 1,200. Iskar tudu ba ta kai ta kwari kauri ba, bambancin ya kai wajen kashi 10 cikin 100. Babur da aka saita daidai a Jos, in ya sauko Yelwa, mai zai yi masa kaɗan.

Zafin da ba ruwan kafireta

Ba kowane zafi ne ciwo ba. Kan injin da iska ke sanyayawa yakan haura digiri 150 yana lafiya lau, don haka ƙona hannu ba hujja ba ce. Alamun zafi na gaske su ne ƙarfi ya ragu bayan doguwar tafiya, a ji ƙaras-ƙaras a kan inji idan an hau tudu, warin ƙonannen mai ya tashi, wuyan salansa ya yi shuɗi, kik ya yi tauri.

In fulogi ya nuna ruwan ƙasa amma alamun nan na nan, a koma kan baƙin mai. Abin da injin ke ɗauka bai wuce lita ɗaya ba, kuma shi ke kwashe zafin ciki. Tsohon inji na shan sa a hankali, saboda haka kowace safiya a duba sanda. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da rana ke kai digiri 40, mai kauri irin 20W-50 ya fi dacewa da tsohon inji. Ga mai aikin kabu-kabu a cikin ƙura, shawarata kada juye ya wuce kilomita 1,500. Man da ake aunawa a kwalba ba a san asalinsa ba, arha ce mai tsada.

Haƙarƙarin da ke jikin bulo da kan inji ba ado ba ne, ta nan zafi ke fita. Laka ta fadama in ta bushe a tsakaninsu, ta rufe hanya. A kankare ta da tsinke idan inji ya huce. A tuna kuma babur ba shi da fanka irin ta injin ban-ruwa ko janareto, ba ya kuma zuƙar ruwan tafki kamar injin jirgi. Tafiya ce fankarsa. Buhu uku na albasa, a giya ɗaya, cikin rairayi, aiki ne mai yawa da iska kaɗan. Haka barinsa yana silo a bakin mashigin Zamare ana jiran fasinja.

Sai tafet. In ya matse, bawul ba ya zama sosai balle ya sauke zafinsa, sai ya ƙone. Ana auna shi inji na sanyi: kimanin milimita 0.05 a ƙananan babura, 0.08 a CG125. Tafet mai 'yar ƙara ya fi wanda ya yi tsit. Fulogi ma aji-aji ne. A na NGK, ƙaramar lamba ta fi riƙe zafi, don haka wanda aka rubuta wa mai lamba 8 kada a sa masa 6 don shi ke akwai a shago. Birki mai kamawa, sarƙa da aka ɗaure tamau, taya mara iska, kuloci mai sulɓi, duk suna sa inji wahalar banza. A kafe babur a juya kowace taya da hannu, a tabbatar sarƙa na da sassauci kamar santimita 2 zuwa 3.

Masu tsofaffin Suzuki da Jincheng masu hayaƙi suna da ƙarin abin lura. Waɗannan man 2T ne ransu. In famfon man ya mutu aka koma zuba shi a tanki, a riƙa aunawa, mililita 25 zuwa 30 a kowace lita, ba a yi da ka ba. Salansarsu kuma na cika da kunkunniya, tana bukatar ƙonawa lokaci-lokaci.

In zafi ya kama ka a hanya, ka tsaya a inuwa, ka kashe, ka ba shi minti ashirin ko talatin, ka duba baƙin mai. Kada ka kwara masa ruwa, kada ka tura shi cikin tafki. Ƙarfe mai zafi da ya gamu da ruwan sanyi yakan karkace ko ya tsage.

Aikin yi

1. Kowane ɗalibi ya zo da tsohon fulogi a zama na gaba. A jera su, a kasa su huɗu bisa launi, kowa ya faɗi abin da nasa ke nunawa.

2. Ku rabu uku-uku a kan babur ɗaya. Ku gano ko ƙaramin sukurunsa na iska ne ko na mai, ku ƙirga juyin da yake a kai, ku rubuta, sannan ku mayar da shi inda kuka same shi.

3. Wani manomi a Shanga ya ce babur ɗinsa na tafiya lafiya a hankali, amma da ya ƙure totur sai ya yanke, kuma abin ya fara ne bayan ruwan sama na daren jiya. Me za ku fara dubawa, kuma don me?

4. Ɗan kabu-kabu ya ce a matse masa kafireta. Kun kwance fulogi kun ga baƙar kunkunniya busasshiya, watan kuwa Janairu ne. Rubuta abin da za ku gaya masa, da abin da za ku yi kafin ku ɗauki sukudireba.